Gaisuwar Baba Halliru ga Jirgin Taman Melati

"Ka gani ko? Yau ma bai amsa ba," in ji Baba Halliru, hannunsa a sama, jirgin ƙasa na wucewa ta kan gadarsa daura da barandarsu. "Direbobin ƙasar nan akwai girman kai."

Nata'ala, maƙwabcinsu mai sayar wa ɗalibai wayoyi, ya shigo ne aron tsani. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa kan riga tunaninsa fita. Ya tuntsire da dariya.

"Baba, wa zai amsa? Ai wannan jirgin ba direba. Kwamfuta ce ke jan sa."

Murja ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta watsa masa harara. Ita ta kawo mahaifinta daga Zariya zuwa Kuala Lumpur neman maganin ciwon zuciya, tana haɗa jinya da karatun digiri na uku, kuma da gangan ta ɓoye masa wannan zancen. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a reluwe yana jan jirgi daga Kano zuwa Legas, kuma a wurinsu direba ba ya wuce ɗan'uwansa bai ɗaga hannu ba.

"Ba kowa a ciki?" Baba ya tambaya.

"Akwai fasinja dai," in ji Nata'ala, muryarsa ta yi ƙasa.

Baba ya sauke hannunsa, ya ce a mayar da shi ɗaki.

Daga ranar bai ƙara fita baranda ba. Kunun da yake shanyewa sai ya kurɓa ya ture. Likita ya ce jikin ne, amma Nata'ala ya san da bakinsa a ciki, abin ya tsaya masa a rai. Tsohon da ya baro gida da abokai, abu ɗaya ya rage masa a garin nan, shi ma an ƙwace.

Ran Asabar Nata'ala ya tari Murja a bakin lif.

"Ki ba ni aron Baba, in kai shi tsohuwar tasha. Jiragen can da direbobinsu."

"Malam Nata'ala, mutumin da ko falo ba ya iya zagayawa? In wani abu ya same shi a hanya fa?"

"A ɗaki ma ai abin yana samun sa. Boleh lah, in ji mutanen nan, zai yiwu, Murja. A mota za mu, da kekensa."

Idonta ya ciko. Ta ce to, amma da ita za a je.

Baba ya sa farar babbar riga. Da suka iso ya ɗaga kai yana kallon farin ginin nan na zamanin Turawa, da hasumiyoyinsa da ƙubbobinsa.

"Kai, Nata'ala, masallaci ka kawo ni?"

"Tasha ce, Baba."

Aka tura kekensa ciki. Wurin shiru, mutane jefi-jefi, tantabaru na ta kai-komo a ƙarƙashin dogon rufin ƙarfe. Baba ya shaƙi iska, ya ce ƙanshin man giris ko'ina ɗaya ne. Ya sa aka kai shi can ƙarshen dandamali inda kan jirgi ke tsayawa. Nata'ala kuwa bai shirya da kowa ba. In wannan ma bai amsa ba, bai san da wane ido zai kalli Murja ba.

Layin dogo ya fara ƙara. Jirgi ya shigo a hankali ya tsaya. Baba ya ɗaga hannu.

A bayan gilashin direba wata matashiya ce da ɗankwali, idonta na kan abin da ke gabanta. Aka buɗe ƙofofi, aka rufe, ba ta waiwayo ba. Baba bai sauke hannu ba. Sai da jirgin ya fara motsi ta juyo ta gan shi. Ta yi murmushi, ta ɗaga nata hannun, ta danna hon a gajarce.

"Mace ce!" in ji Baba, yana dariya har da tari. "Murja, kin ga yadda ta tsayar da shi? Ko shayi ba zai zube ba. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka."

Murja ta juya baya tana goge ido da mayafi. A hanyar dawowa Baba ya ce yunwa yake ji, suka tsaya wurin mamak mai sayar da abinci aka ƙunso masa roti, irin gurasarsu, ya ci rabi.

Washegari Nata'ala ya same shi a baranda, hannu a sama.

"Baba, ai wannan..."

"Na sani, sarkin surutu. Tunda ba mai riƙe da jirgin, ai na ciki sun fi bukatar addu'a."

Bai cika mako ba ya rasu, da hantsi, a kujerar nan tasa. 'Yan Najeriya da maƙwabta Malayawa suka sallace shi, aka binne shi a nan Kuala Lumpur, nesa da Zariya. Nata'ala ya yi kuka a maƙabarta bai ɓoye ba.

Bayan addu'ar uku Murja ta roƙe shi ya shigar mata da kujerar, ita ba za ta iya taɓawa ba. Ya fita baranda, ya kama kujerar ke nan sai ga jirgi ya taho, cike da ɗalibai, wurin direba wayam. Nata'ala ya saki kujerar ya ɗaga hannu.

"Allah ya kai lafiya," ya ce, bai sauke hannun ba sai da taragon ƙarshe ya shige tasha.