Ɗauko Nomvula Daga Gindin Agogo

Sanyin Yuli a Pietermaritzburg ba ya raga wa tsoho, amma Baba Mkhize ya ƙi sa safar hannu. Haka ya riƙe reshen magarya, ya durƙusa a gindin babban agogon gari, daidai inda matarsa ta yanke jiki ta faɗi ta cika kwana shida da suka wuce.

"Nomvula, ni ne. Taso mu tafi gida."

A al'adarsu, wanda ya zo ɗaukar kurwar mamaci da reshe ba ya waiwaye, ba ya magana da mai rai sai ya kai ta gida. In ya kuskura, ta zame ta koma inda ta faɗi. Tsoronsa ke nan, a binne ta gobe alhali kurwarta tana nan bakin titi.

'Yarsu Zanele, ma'aikaciyar jinya, tana gaba tana buɗe hanya, tana ƙunƙuni.

"Baba, ɗaga ƙafa mana. Sai kallonmu ake, kai da ganyenka."

Ko kallo ba ta ishe shi ba. Suka miƙe tsohon titin, jajayen gine-gine dama da hagu, itatuwa duk sun kaɗe.

"Ga cocin da aka ɗaura mana aure," ya raɗa wa reshen. "A hankali, akwai rami."

Wani tsohon abokin aikinsa ya sha gabansa. "Mkhize, yau kuma girman kai? Babu gaisuwa?"

Amsa ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta. Mutumin ya ga reshen, ya cire hula ya kauce. Duk sanyin nan, gumi ya jiƙa wa tsohon wuya.

Saura tsallaka ɗaya su kai motarsu. Zanele ta juyo tana tafiya da baya, tana yafito shi, ta sa ƙafa a kwalta. Shi ya ga wata bas na tahowa. Ita ba ta gani ba.

"Zanele!"

Ta yo tsalle ta faɗo jikinsa, bas ta wuce da ƙugi. Sun daɗe a tsaye kowa na haki. Ya dubi reshen.

"Ta koma," ya ce.

Zanele ta share ido, ta kama hannunsa ta juya shi wajen agogon.

"Mu yi sauri, Baba. Ranar da Mama ta faɗi ko rigar sanyi ba ta sa ba."