Kujerar Dogo

Kamfaninsu na jirgin sama ɗan ƙarami ne, irin wanda matuƙi ke taya fasinja cusa jaka, shi ne kuma mai ba da haƙuri idan an makara. Kyaftin ya daɗe yana yi musu tuƙi daga wannan gari zuwa wancan, tun sassafe har rana ta yi sanyi. A da su biyu ne a gaba, shi da mataimakinsa Dogo, mutumin da sai ya tura kujerar dama har ƙarshe kafin ƙafafunsa su sami wuri. Dogo ya rasu a kan bencin ɗakin hutun ma'aikata, da takalmi a ƙafarsa, yana jiran a kira su sawu na gaba. Manaja ya yi ta'aziyya mai kyau, har da share ido, daga baya kuma ya gano ashe jirgi mai wannan ƙanƙanta matuƙi ɗaya ma ya ishe shi.

Akwai ƙa'ida a aikinsu. Ba ka sakin sitiyari sai ka ce "karɓi jirgi", abokinka ya amsa "na karɓa". Wanda ya karɓa kuwa, jirgi yana wuyansa har sai an karɓe shi da baki. Da haka su biyun suke raba gyangyaɗi a sama, wannan ya runtsa, wancan ya riƙe.

Ran nan bayan sawun rana Kyaftin ya leƙa ofishin Manaja, idanunsa jajur.

"Ranka ya daɗe, ido ya fara yi min gardama. A ɗage sawun yamma, ko a nemo min mataimaki."

"Haba Kyaftin, kai da ka san hanyar nan kamar tsakar gidanka? Mutane sun riga sun zauna. Yi wannan kawai, gobe ma yi magana."

Goben Manaja dai ba ta taɓa wayewa ba. Kyaftin ya tuna yaransa, ya tuna matuƙan da ke zaune a gida ba aiki, sai ya ɗauki hularsa ya fita.

A sama rana ta dallare gilashi, inji yana ta gurnani iri ɗaya. Ya mintsini cinyarsa, ya kurɓi shayin da ya huce, duk a banza. Kansa ya soma rinjaya. Bakinsa ne ya riga hankalinsa, kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

"Dogo, karɓi jirgi."

"Na karɓa," in ji wata murya mai ɗan dishewa a cikin na'urar kunnensa.

Sitiyarin ya yi sauƙi a hannunsa. Kamata ya yi tsoro ya kama shi, amma gaskiya daɗi ya ji, ya saki hannu ya yi barci.

Da ya farka, farfela ta tsaya, jirgi yana ƙasa, a garin da za su. Fasinjoji suna fita, wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ko girgiza ban ji ba."

Ya sauko. Hancin jirgin ya ɗan kauce wa layin da ake tsayawa zuwa hagu, daidai kaucewar da ya sha tsokanar Dogo a kanta. Yana tsaye yana kallo wayarsa ta yi ƙara.

"Ka gani ko?" in ji Manaja. "An ce saukarka ta yau ba a magana. Gobe zan ƙara maka sawu ɗaya."

Kyaftin bai musa ba. Abin kunya, har zuciyarsa ta raya masa cewa in haka ne ai ya huta, kullum in ido ya yi nauyi sai ya kira.

Ya koma ciki ɗaukar jakarsa. Sai a lokacin ya lura kujerar dama tana can ƙarshe, bel ɗinta a ɗaure, a miƙe kamar akwai ƙirji a bayansa. Na'urar kunnen da ya rataye tana ɗan huci, ga shi kuwa komai na jirgin a kashe yake. Ya ɗora ta a kai. Numfashi ne, mai nauyi, na wanda ke kokawa da barci.

"Kyaftin," in ji muryar a hankali, "ba ka karɓa ba. Tun ɗazu nake riƙe. Ni ma fa barcin nake ji."

Tausayi ya cika shi, har ya fi tsoron yawa. Mutumin da gajiya ta kai ƙasa, ga shi ya sake taso shi ya sa shi aiki. Ya zauna, ya kama sitiyarin da hannu biyu.

"Na karɓa, Dogo. Je ka kwanta."

Bel ɗin ya ɓalle da kansa, ya zube a kan kujera. Hucin ya ɗauke.

Kyaftin ya jima a zaune, sannan ya kira Manaja ya ce jirgin nan zai kwana inda yake.

"To wa zai dawo min da shi?"

"Ni, ranka ya daɗe, in na yi barci. Kuma sai ka turo min mataimaki mai rai."