Kwalbar Jinin Kawu

Ni ce mai gwajin jini a ƙaramin asibitinmu. Da likita ya fara binciken yadda kitse ke taruwa a jini bayan cin abinci, na sa kawuna a ciki. Tela ne, yini yake zaune kan keke.

Ƙa'idar ba wuya. Kowa zai zo da safe bai karya ba, mu ba shi burodi da bota da soyayyen ƙwai, bayan awa huɗu mu ɗibi jini. Ana gobe zuwa kuma, ba motsa jiki.

Makon farko, da na fitar da kwalbar Kawu daga injin juyawa, ruwan saman ya yi fari kamar an tsinka madara. Mako na biyu sai ga shi garau.

Dogo, abokin aikina, na fara tsarewa. "Ka rikita lambobin kwalaben ko?"

"Ni? Ke kika manna da hannunki."

Gaskiyarsa. Na leƙa kwandon shara ko Kawu ya zubar da ƙwan, ban ga komai ba. Na same shi a benci yana karkaɗe hula.

"Kawu, wane magani kake sha?"

"Ko na ciwon kai ban sha ba."

"Jiƙo fa? 'Yan ƙulle-ƙullen da abokanka ke kawowa shago?"

"Haba 'yar nan! Kotu ce?"

"To jiya ka motsa jiki?"

Ya yi dariya. "Da wannan tumbin? Kin taɓa ganina da gajeren wando?"

Amma bai yarda mun haɗa ido ba. Da ya miƙe kuma na ga yana ɗingishi, ya take bayan takalmi. Na ce ya cire. Ƙafar duk ta yi bororo.

"Keken ɗinki ne ya yi maka wannan?"

Sai ya ce jiya da la'asar ya rufe shago ya nufi gidanmu a ƙasa. Shekara biyu ke nan ba sa magana da mahaifiyata, ƙanwarsa, tun wata cacar baki a kan rainon kakarmu.

"Na ce in na hau mota zan isa ban shirya abin faɗa ba. Awa ɗaya na yi. Da na isa ƙofar gida na ji muryarta tana faɗa da mai kawo ruwa, sai na juyo. Wata awar kuma."

"Shi ne ka ce ba ka motsa jiki ba?"

"Wannan ai tafiya ce kawai."

Likita bai yi mamaki ba. Ya ce doguwar tafiya da yamma takan sa tsoka ta riƙa janye kitsen abincin washegari da sauri, amma in mutum ya koma zama kwana biyu uku, amfanin ya tafi. Ya soke gwajin, ya ce a maimaita.

Na wanke wa Kawu ƙafar na sa filasta. Ya roƙe ni kada in faɗa wa Umma. Na ce bayanin wanda aka gwada ba ya fita daga ɗakin nan, amma ranar Asabar ba ni da aiki.

Mun tafi tare, a hankali saboda ƙafar. Ni na ƙwanƙwasa. Umma ta buɗe, ta dube shi sama da ƙasa.

"Yaya, ka rame."

"Ƙarya kike," in ji Kawu, ya cire takalmi ya shiga.