A Gaban Suruki

Wata guda Zinariya ta yi tana koya wa mijinta faɗin gaskiya, kamar mai biya wa yaro allo. Ciwon daji ya kama Malam Bube a mafitsara, ya bi ƙashin baya. A Katsina an ce lokacin tiyata ya wuce, sai dai a rage masa raɗaɗi. Akwai wani maganin ruwa mai ƙarfi, amma likita ba ya rubuta shi sai majinyaci ya faɗa da bakinsa cewa ƙwayoyin da yake sha sun gaza.

"Malam, in ya tambaye ka, me za ka ce?"

"In ce ƙashina kamar ana kirɓa shi a turmi."

"Sai me?"

"Jini a robar fitsari. Haba Zinariya, na haddace."

Likita Benson sau ɗaya yake zuwa asibitin Kankia a wata, Hausarsa kuwa daga "sannu" ta ƙare. Ranar da suka taso daga ƙauyensu Kaikai, babu ramin da mota ta faɗa Malam Bube bai yi salati ba. A asibitin suka tarar da Badaru, mijin ɗiyarsu ta fari, wanda ke aiki a ɗakin kati. Yaron kirki ne. Saboda kirki ya sa aka fara kiran su, saboda ƙarin kirki ya bi su ciki ya yi tafinta.

Likita ya zuba dogon Turanci, yana nuna mara, yana nuna ƙugu, yana nuna robar. Ko Zinariya da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane tambayar. Badaru ya yi gyaran murya, ya kafa wa siminti ido.

"Baba, likita na gaishe ku da jiki."

Malam Bube ya ja babbar riga ya rufe robar. "Da sauƙi. Alhamdu lillahi."

Zinariya ta taka masa ƙafa. Likita ya ware yatsu goma.

"Wai a cikin goma, Baba, nawa ne nauyin abin?"

Tsohon ya dubi mutumin da ya ba ɗiya, wanda shekara goma sha biyar ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. Ya ɗaga yatsu biyu.

Zinariya ta buɗe baki. Fitsari, jini, mara. Ta juya su a harshe, babu wanda zai fita a gaban suruki.

"Badaru, ka ce mishi... ba ya cin tuwo sosai."

Likita ya ji daɗi ƙwarai. Ya sake rubuta ƙwayoyin nan dai, ya ƙara da maganin buɗe ciki, ya dafa kafaɗar Malam Bube ya faɗi wata magana.

"Ya ce ku jarumi ne, Baba."

A baranda Malam Bube ya dafe bango, gumi na tsattsafo masa. Badaru ya durƙusa gaban Zinariya, fuska cike da fara'a.

"Inna, kar ku damu da komai. Na gaya wa likita, wata mai zuwa ma ni zan tsaya muku. Ina raye bare ba zai ji sirrin gidanmu ba."

Zinariya ta ninke takardar maganin da ke hannunta.

"Allah shi yi maka albarka," ta ce.