Kalmar da Aka Ƙwace wa Baba

Tun da Baba ya yi ritaya, ba abin da yake so kamar wasan cike gurbin kalmomin Turanci na bayan jarida. Akwai wata kalma da ta tsaya masa a wuya kwana da kwanaki: harafi bakwai, farkonta T, ƙarshenta E, abin da tela ke sawa a yatsa. Ya hana kowa sa masa baki, ko ƙamus ya ƙi buɗewa.

Ran nan muka je gaishe shi, ni da mijina. Baba ya shiga ɗaki neman tabarau, ya bar jaridar a kan kujera. Kafin in ce kul, mijina ya zaro waya, ya zuba mata yawan haruffan da na farko da na ƙarshe, ya ɗauki biro ya cike gidajen.

"Baba, na hutar da ku," in ji shi da Baba ya dawo. "Thimble ce, ga ma'anarta nan."

Baba ya dubi takardar.

"Wa ya aike ka? Ce maka na yi na gaji? Kalmar nan tana bakin harshena, saura ƙiris! Ka tauna abinci ka ɗura min, kuma da biro, yadda ko gogewa ba ta yi!"

Mijina ya yi ta ba da haƙuri, Baba ko kallonsa bai yi ba. Ni ma ban yi masa magana a mota ba.

Yanzu in mun je gidan, a hannun Mama yake barin wayarsa kafin ya shiga falo.