Kogin Ɓawon Kifi

Malamar zane ta ce kowane yaro ya yi hoto, amma ban da fenti, ban da fensirin kala. Su yi da duk abin da suka tsinta.

Ni kifi nake sayarwa. 'Yata, wadda muke kira Shalele, tana aji uku, kuma tun bara 'yan ajinsu suka laƙaba mata "Mai Ƙarni". Kullum sai na wanke kayan makarantarta sau biyu, na shanya nesa da teburina, amma a banza. Har ta daina ɗaga hannu a aji.

Shi ya sa da na gan ta durƙushe tana tsintar ɓawon kifi a gwangwani, sai na yi kanta da faɗa.

"Ke Shalele, lafiyarki kuwa? Abin da ake zolayarki da shi za ki kai musu da hannunki?"

"Mama, kogi zan yi. Duba yadda yake ƙyalli."

Na kawo mata maɓallai da ƙyallaye. Ta ture su, ta turo baki. Babanta yana dariya ya ce, "Taurin kan nan dai ba a wurina ta gada ba."

Da na ga ba ta da niyyar haƙura, sai na zage. Muka wanke ɓawon da sabulu, muka jiƙa a ruwan lemun tsami, muka baza a faranti ya sha rana. Na shinshina, na sa babanta ma ya shinshina. Ita kuma ta zauna da gam tana liƙa su ɗaya bayan ɗaya a baƙin kwali.

Ranar baje hotunan na rufe teburina na bi ta, a shirye nake da duk wanda ya toshe hanci.

Malamar ta jujjuya kwalin, sai ta kai shi bakin taga. Rana na dukansa, kogin ya ɗauki walƙiya, shuɗi da ruwan hoda, kamar yana gudu.

"Kai! Gilashi ne?" in ji wani yaro mai giɓi.

Na buɗe baki zan tare mata, ta riga ni.

"Ɓawon kifin mamana ne," ta faɗa da ƙarfi. "Kar ka taɓa, bai gama bushewa ba."

Yara suka yi mata caa, kowa da tambayarsa. Na ja baya na jingina da ƙofa. Har aka kaɗa ƙararrawa ba ta waiwayo ta neme ni ba.