Kiɗan Ƙarfe a Kekun Waje

Labbo likitan dabbobi ne a Gusau, kuma duk wanda ya taɓa haɗa benci da shi ya san mutumin ba ya iya zama wuri ɗaya. In yana jiran shayi yatsunsa na dukan tebur, in ana taro a ofis sai ya tashi ya leƙa taga ya dawo. Matarsa Luba ta daɗe da daina tambayarsa abin da ke damunsa.

Abin ya samo asali ne a Bulgeriya, inda aka tura shi karatu tun ana Jihar Sakkwato. Wani abokin ɗakinsa ne ya ja shi wani zauren wasanni, ya tarar da samari masu gashi har kafaɗa suna dukan jita mai lantarki da ganguna, da saurin da bai taɓa zaton hannun ɗan Adam zai iya ba. Kiɗan ƙarfe ake ce masa, irin mai gudun nan da suke kira tirash. Jama'a na ture juna a tsakar fili, wanda ya faɗi a ɗaga shi a ci gaba. Labbo ya fito leɓensa a fashe, kunnensa na ƙara, yana dariya shi kaɗai. Daga ranar bai yarda wasa ya wuce shi ba, ko da sai ya hau jirgin ƙasa zuwa wani gari.

Da ya dawo gida kaset kawai ya rage masa. Zafi ya lanƙwasa wasu, rikoda ta cinye wasu. Waɗanda suka tsira kuwa kunne kaɗai suke shiga, ba sa dukan ƙirji.

Wata Lahadi cikin bazarar 1998, wani dattijon makiyayi mai suna Buba ya aika a kira shi rugarsa da ke bayan Bilbis, wai maraƙi ya ƙi shan nono. Labbo na durƙushe yana duba bakin maraƙin sai ya ji wani ruri ya taso daga yamma. Shanu suka ɗaga kai gaba ɗaya. Shi ma ya miƙe, allura a hannu.

“Ka ji shi ko, Likita?” in ji Buba. “Mutanen da ka gyaran hanya ne. Duk Lahadi haka suke, tun azahar har la'asar sakaliya. Shanuna ba su kiwo, nono ya ja baya. Kai da kake jin Turanci, don Allah ka tai ka roƙe su.”

“In sha Allahu, Baffa. Yanzu ma kuwa.”

Ya hau babur ya bi ƙarar har sansanin kamfanin, wani fili da aka kewaye da waya. A ƙarƙashin rumfar da ake gyaran motoci ya same su: makanikai uku 'yan Filifin da jitocinsu, sai wani ƙaton direban gireda, Garba, mutumin Jos, yana ta lugude a kan ganguna. 'Yan kallo ba su fi leburori goma ba, su ma dariya ce ta kawo su. Labbo ya tsaya gaban lasifika har ya ji rigarsa na kaɗawa. Bai san lokacin da ya tuɓe hula ya cusa a aljihu ya fara kaɗa kai ba. Da waƙar ta ƙare, babban cikin makanikan, wanda leburori ke kira Gajere, ya sauko ya rungume shi kamar ya ga ɗan'uwansa.

Saƙon Buba bai fito daga bakinsa ba. A hanya ya ce wa kansa mako mai zuwa zai faɗa. Makon ya zo, ya je, ya yi tsalle har gumi ya jiƙa shi, ya dawo bai faɗa ba. Tun daga Laraba yake fara duba man babur. Luba ta lura yana dawowa murya a dishe, ta ce, “Malam, wai shanun nan ihu kake yi musu?” Ya yi dariya ya gaya mata gaskiya. Ta dube shi ta girgiza kai, ta ce ita dai kada ya dawo mata da karaya.

Ana haka wata Litinin Buba da kansa ya zo ofis, sanda a kafaɗa. Bai zauna ba. Ya ce jiya wata saniyarsa mai ciki ta firgita ta tsinke igiya, ta afka cikin kwazazzabo, cikin ya zube.

“Ka gaya musu kuwa, Likita? Yarana sun ce suna ganin babur ɗinka can.”

Labbo ya rasa inda zai sa idonsa. “Ban faɗa ba, Baffa.”

Buba ya gyara sandarsa a kafaɗa. “To,” ya ce, ya juya.

Labbo ya bi shi har ruga, ya wanke wa saniyar ciki, ya ɗinke mata inda dutse ya yage ta. Daga nan ya wuce sansani ya faɗa wa Gajere da Garba komai. Gajere ya dafe kai, ya ce ba su taɓa sanin akwai shanu kusa ba, kuma daga yau sun daina. Nan hankalin Labbo ya sake tashi, don ba dainawar yake so ba.

Kwanaki ya yi yana yawo tsakanin Tsafe da Bunguɗu yana neman wurin da za a mayar da kiɗan. Wani mai gidan biki ya ji kaset ɗin kiɗan da Labbo ya sa masa ya ce a fitar masa da shi. Wani shugaban makaranta ya ce sai an kawo takarda daga sama. A ƙarshe wani abokinsa na firamare, Sahabi, ya nuna masa wata tsohuwar rumfar awon auduga a bayan ƙauyen Kekun Waje, ba a amfani da ita sai lokacin kaka, kuma ba garke ko ɗaya a kusa. Labbo ya zagaya ya tabbatar da idonsa. Suka je suka gai da mai gari, ya ce in dai da rana ne kuma za a tsaya lokacin salla, bismilla.

Ranar wasan aka ɗoro janareto da lasifikoki a bayan tifa. Labari ya riga ya zaga cewa Turawa za su yi kiɗa, don haka mutane suka cika wurin, wasu a keke, wasu a ƙafa, masu rake da ƙosai sun kafa kasuwa. Luba ma ta zo da ƙanwarta Hadiza, suka tsaya can inuwar wata bedi.

Garba ya buga sandunansa, aka saki kiɗa. Kwanon rumfar ya ɗauki rawa. Na gaba suka ja da baya da gudu, wani tsoho ya toshe kunne yana salati, rabin jama'a suka watse kafin waƙar farko ta kai tsakiya. Labbo ya rage shi kaɗai a gaba yana tsalle. Sai Sahabi ya shigo don ya yi masa tsiya, ya bangaje shi da kafaɗa. Labbo ya rama. Wasu samari masu dambe da suka ga haka suka zubar da takalma suka faɗa ciki. Nan da nan fili ya hautsine, ana ture juna ana ihu, ƙura ta tashi har ba a ganin makaɗan. Wani ya faɗi, Labbo ya finciko shi ya tsayar, sauran suka gani suka ɗauka. Gajere na kururuwa cikin makirufo da harshen da ba mai ji, samarin na amsa masa da kirarin 'yan dambe.

Ana cikin waƙa ta huɗu janareto ya yi tari ya mutu. Garba ya ci gaba da dukan ganguna shi kaɗai, ba wanda ya tsaya, har aka kira la'asar.

A hanyar gida Luba ta ce, “Ni ban ji kiɗi ba, injin niƙa na ji. Amma ban taɓa ganin haƙoranka duka a waje ba sai yau.”

Ba a sake yin wani ba. Kafin ruwan farko kamfanin ya gama aikinsa, aka kwashe sansanin zuwa wajen Kontagora. Garba ya biyo ta ofis ya yi wa Labbo sallama, ya kwatanta masa inda za su sauka, ya ce Lahadi dai tana nan.

Ranar Juma'a da yamma Luba ta fito ta tarar da shi a tsakar gida ya kwance ƙafar babur ta baya, sabuwar taya na jingine da bango.

“Ina kuma za a?”

“Kontagora ba wani nisa gare ta ba,” in ji shi, bai ɗago ba.

“Ka taɓa zuwa?”

“A'a.”

Ta koma ɗaki ta ɗauko masa rigar ruwa ta rataye a kan madubin babur ɗin.